Kafin Ka Hau Kujerar Tafsiri

Ɗana,

Labari ya iso ni cewa dattawan unguwa sun ba ka kujerar tafsiri a azumin bana, kai da ba ka jima da dawowa daga jami'ar Musulunci ta Sayi ba. Na yi murna, Allah ya sa albarka. Tare da wannan labarin kuma wani ya biyo: wai a majalisarku ta bayan isha'i kai da abokanka kun gama yanke cewa zaɓe kafirci ne, wanda ya bi limamin wancan masallacin sai ya rama sallarsa, kuma duk mai maganar sabunta fahimtar addini ɗan koren Turawa ne. Ba zan ja da kai a nahawu ba, ka fi ni. Amma na riga ka sanin mutanen da za su zauna gabanka, kuma a kansu nake so mu yi magana.

Ka dubi sahu ranar Juma'a a Dakoro. Ga Bagobiri, ga Bakatsine, ga Ba'adare da fatauci ya kawo shi ya zauna, ga Bafulatanin gida, ga Bororo ya sauko daga Barmo, ga Buzu daga wajen Gadabeji, ga Balarabe mai raƙuma. Garin kansa ba tsoho ba ne. A shekarun 1940 Faransawa suka mai da shi mazaunin hukuma, manoma suka yi ta haurowa daga kudu neman sabon daji, suka tarar da makiyaya da rijiyoyinsu. Kada kuma ka manta, da yawa daga cikin Hausawan nan jikokin waɗanda suka ƙi miƙa wuya ga Sakkwato ne. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka zauna Maraɗi, na Gobir suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Shekara da shekaru ana kai wa juna hari, alhali kowane ɓangare yana salla yana azumi, kowanne da malamansa. In ka buɗe ƙofar kafirtawa a ƙasar nan, da kakanninka za ka fara.

Manya ma sun yi wannan gardama tun tuni. Lokacin da mutanen jihadi suka afka wa Barno, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuto wa su Shehu Usmanu yana neman hujja. Bai musa cewa akwai masu yanka a wuraren tsafi ba, da mata marasa lulluɓi, da alƙalai masu karɓar hanci. Inda ya kafe shi ne, waɗannan saɓo ne da jahilci, maganinsu karantarwa, kuma babu ƙasar Musulmi da ta tsira daga irinsu, har Masar. In saɓo yana fitar da mutum daga Musulunci, wa zai rage? Muhammadu Bello ya mayar masa da amsa, bai kuma yarda da shi ba ko kaɗan. Sai dai da ya zo rubuta Infakul Maisuri a 1812, ya kwafe wasiƙar abokin gardamarsa ya sa a ciki. Shi ya sa har yau muke karanta hujjar Kanemi: wanda ya fi kowa son karya ta, shi ya adana mana ita. Kai fa, in za ka kawo maganar wanda kuka saɓa da shi a gaban jama'a, za ka kawo ta yadda shi da kansa in yana wurin zai ce, e, haka na faɗa?

Shehu Usmanu kansa, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya yi wa ɗaliban zamaninsa faɗa a rubuce. Su ne masu tare ɗan ƙauye da tambayoyin ilimin tauhidi, in ya kasa amsawa da lafuzzan littafi su ce ba Musulmi ba ne, kada a ci yankansa, kada a ba shi aure. Shehu ya ce ba su da wannan hurumin. Imamu Maliku kuma, da halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa kowa bin Muwaɗɗa, shi mai littafin ne ya hana, domin sahabbai sun watsu cikin garuruwa, kowane gari da abin da ya iso masa. Mai mazhabarmu ke nan, an miƙa masa ikon rufe bakin kowa ya ce a'a.

Mu da muka ga shekarun 1980 da 1990 a Maraɗi mun san abin da rashin wannan haƙuri yake haifarwa. Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ta ƙetaro ta samu gindin zama wajen 'yan kasuwa da samari. An kai ga ɗa ya daina cin yankan ubansa, an raba masallatai a kan kabalu da sadalu, an fasa aure. In za a yi adalci, 'yan Izala sun buɗe wa matan aure makarantu, sun rage wa talaka nauyin biki da suna, sun sa yara tambayar hujja. 'Yan ɗariƙa kuma su suka riƙe karatun zaure da ladabin almajiri da saukar baƙo tun kafin a haifi masu zaginsu. Yau gida ɗaya za ka ga wa Batijjane, ƙane ɗan Izala, akushi ɗaya. An sha wuya kafin a kai nan, kada ka mayar da mu baya don ka tara masu sauraro.

Kiristocin cikinmu kaɗan ne, shi ya sa ma haƙƙinsu ya fi nauyi a wuyanmu. A Nuwamban 2000 zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta ƙare da ƙone-ƙone a Maraɗi, har da wuraren mishan. A Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, an rasa rayuka. Ɓatancin ya ƙona ran kowane Musulmi, amma wanda aka ƙone wa wurin ibada ɗan ƙasar nan ne, bai zana komai ba. Mutanenmu nawa suka je asibitin mishan na Galmi aka yi musu aiki, kutare nawa aka yi wa magani a nasu na Danja? A Janairun 2016 malamai daga ƙasashe da yawa suka taru a Marrakesh, Shehu Abdullahi bin Bayya na Muritaniya, Bamalike irinmu, yana cikin jagororin taron. Suka koma ga yarjejeniyar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rubuta da mutanen Madina, Musulmi da Yahudawa, suka ce a kanta za a gina zaman 'yan ƙasa ɗaya masu addini daban-daban. Ka nemi takardar ka karanta kafin ka yanke mata hukunci.

Amma abin da ya fi cin rai a ƙasarmu ba tsakanin Musulmi da Kirista yake ba. A ƙarshen Oktoban 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, manoma suka afka wa Fulani a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji. Mutum fiye da 100 suka mutu, akasarinsu mata da yara. Waɗanda suka kashe da waɗanda aka kashe alƙibla ɗaya suke kallo. Duk wanda zai yi wa'azi a jihar Maraɗi ya kamata ya tambayi kansa me malaman wancan lokacin suka yi ta faɗa a kan mumbari, da har mutum zai yi alwala da asuba ya je ya aikata wannan da hantsi.

A nan nake son ka kashe ƙarfin karatunka. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, a wajenmu kwarin Tarka kowa yake nunawa: daga nan zuwa sama na kiwo ne. Jama'a ta ƙaru, ƙasa ta gaji, gonaki suka tsallake iyakar, suka cinye burtali, suka kewaye mashaya. A 1993 aka yi dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin filaye da muke kira kofo, a 2010 kuma aka ƙara dokar kiwo, wadda ta ce yawon makiyayi da dabbarsa haƙƙi ne, ba alfarma ba. Dokokin suna nan a takarda da Faransanci. Manomin Kornaka da makiyayin Barmo ba su karanta su ba, amma dukansu suna jin maganar liman.

Ka san shari'ar taguwar Barra'u ɗan Azibu a cikin Muwaɗɗa, wadda ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, aka hukunta cewa da rana tsaro na masu lambu ne, ɓarnar dare kuwa mai dabba ke biya. Ka san kuma malamanmu ba su tsaya nan ba. Halilu a Muhtasar ya sa sharaɗi: sassaucin rana sai in an saki dabbar nesa da gonaki kuma ba makiyayi tare da ita. Sun duba yadda mutane ke zaune, suka gane manufar hukuncin, suka daidaita. To yanzu ga tambayar da za a kawo maka da kaka: gonar da aka yi wa ɓarna a kan burtali take, shekara goma da suka wuce hanyar shanu ce. Wa ya shiga haƙƙin wa? Ga wata: hukuma ta sa ranar sakin gonaki, manomi bai kwashe wakensa ba, garke ya sauko kwana biyu kafin ranar saboda tabkunan arewa sun ƙafe. Ba za ka buɗe shafi ka tarar da sunan Birnin Lalle ba. Dole ka fahimci abin da shari'a take karewa, wato rai da dukiya da zaman lafiya, ka san al'adar wurin, ka san dokar ƙasa, sannan ka yi magana. Imamu Ƙarafi, Bamaliken Masar da ya rasu a 1285, ya gargaɗi mai fatawa da kada ya ba baƙo amsa da al'adar garinsa, sai ya tambayi al'adar garin baƙon. Abin da ake nufi da sabunta tunani ke nan, ɗana, kuma babu Bature a cikinsa.

Batun ruwa ya fi wannan zafi. Rijiyoyin arewacinmu ka san zurfinsu, sai da sa ko raƙumi ake jan wasaki, igiya ta yi nisa kafin ruwa ya fito. Wanda ya mallaki rijiya a daji, da rani ya mallaki duk ciyawar da ke kewaye da ita, tunda dabba ba ta kiwo inda ba za ta sha ba. Yau attajiri na birni zai haƙa tasa, ya zuba garkensa, ya sa wa ƙaramin makiyayi kuɗin da ba zai iya biya ba, shi ke nan dajin kowa ya zama nasa ba tare da ya kafa shinge ba. Akwai hadisi ingantacce, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari, da ya hana ainihin wannan dabara ta hana rarar ruwa don a hana ciyawa. Na daɗe ina sauraron wa'azi a garin nan, na ji tsawon wando da gemu ba iyaka, wannan hadisin kuwa da wuya ka ji shi. Dalili a fili yake: mai rijiyar sau da yawa shi ya saya wa masallacin lasifika.

Yanzu ga dimokuraɗiyya. Ba zan yi maka kwalliya da ita ba. Mun ga ana sayen ƙuri'a da sabulu da sukari da turmin atamfa, mun ga ɗan majalisa da ba a sake ganinsa sai kakar zaɓe ta dawo, mun ga jam'iyya ta raba zuri'a ɗaya. Soja sun karɓi mulki a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023, kuma kusan kowane karo an samu masu fita murna, don farar hula sun ba da kunya. Wanda ya ce tsarin ya gaza wa talaka yana da hujja. Amma gazawa daban, kafirci daban, kuma na biyun magana ce mai nauyi da sai da nassi.

Ka duba yadda aka naɗa halifofi huɗu. Abubakar a taron Saƙifa bayan muhawara, Umar da wasiyyar Abubakar, Usman ta hannun mutum shida da Umar ya zaɓa, Abdurrahman ɗan Aufu yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu, Aliyu da mubaya'ar jama'a. Hanya huɗu cikin ƙasa da shekara 30. Da hanya guda aka saukar, da ba su saɓa ba. Abin da aka wajabta shi ne shawara da adalci da riƙon amana, yadda za a tsara su kuma an bar wa mutanen kowane zamani. Tambayar da nake so ka kai wa abokanka ita ce: shugaba ya yi zalunci, ta wace hanya za a sauke shi ba tare da an zubar da jini ba? Littattafanmu na da sun yi dogon bayani a kan siffofin shugaba nagari, a kan wannan tambayar kuwa sun taƙaita, tarihinmu kuma ya cika da amsar takobi. Ƙuri'a, da duk aibinta, amsa ce da 'yan Adam suka gwada. Wanda ya ƙi ta sai ya kawo wadda ta fi ta.

Kuma ba daga waje aka fara kawo mana wannan tunani ba. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya jera zaluncin sarakuna ɗaya bayan ɗaya: harajin da shari'a ba ta sani ba, jangali, gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a ga fuskarsa, ƙwace kayan talaka a kasuwa. Ƙanensa Malam Abdullahi, ana tsakiyar jihadi, ya ga nasu mutanen sun fara son mulki da tara dukiya, ransa ya ɓaci ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Da Malam Aminu Kano da 'yan jam'iyyar NEPU suka tashi daga 1950, da irin waɗannan littattafan suka tuhumi jikokin masu jihadin, suka nema wa talaka ƙuri'a, har da mata, suka sha ɗauri a kai. Malam Aminu mai tafsiri ne kamar yadda kake shirin zama. A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin, Abdurrahman Wahid, jagoran babbar ƙungiyar malaman zaure ta Nahdlatul Ulama, shi ya zama shugaban ƙasa a 1999 bayan dogon mulkin Suharto, kuma an san shi da tsaya wa marasa rinjaye.

Kana yaro a 2005, ba lalle ka riƙe ba. Fara da ƙarancin ruwa sun cinye amfanin 2004, tiyar hatsi ta gagari mutane, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a nan Dakoro. Shugaban ƙasa na lokacin, Tandja Mamadu, ya ce babu yunwa. A farkon shekarar kuma gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari. Ƙungiyoyin farar hula suka kira a rufe kasuwanni, garuruwa suka yi tsit, aka kama jagororinsu, amma a ƙarshe gwamnati ta janye yawancin harajin. Abin da ya yi aiki a nan shi ne bakin da aka bar wa mutane, da rediyo masu zaman kansu, da 'yancin taruwa. Umar ɗan Haɗɗabi a shekarar yunwa ya hana kansa cin mai har jikinsa ya sauya, ya kuma dakatar da yanke hannun ɓarawo. Ba kowane zamani ake samun Umar ba, shi ya sa ake bukatar tsarin da zai tilasta wa wanda ba Umar ba ya saurara.

Yau an rushe majalisun gundumomi tun Afrilun 2024, an rushe jam'iyyu a Maris ɗin 2025. Ban ce ka mai da kujerar tafsiri dandalin siyasa ba, kuma ban ce ka jefa kanka cikin halaka ba. Abin da nake roƙonka kaɗan ne: ko mai kaki ke sama ko mai babbar riga, kada ka zama maroƙinsa. Ka yi wa ƙasa addu'a, ka faɗi gaskiya da ladabi, ka koya wa mutane cewa tambayar ina kuɗin rijiya suka shiga ba fitina ba ce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wuraren da mu malamai muka yi shiru har wasu suka riga mu. Hadijatu Mani, daga yankin Ƙonni, an sayar da ita tana 'yar shekara 12 ta zama wahaya, wai mace ta biyar da ba a lissafa ta cikin huɗu. Ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, kotun CEDEAO ta yanke a Oktoban 2008 cewa ƙasar Nijar ta kasa kare ta daga bauta, aka ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Dokar hukunta bauta tun 2003 take. Da sunan addini aka riƙe yarinyar nan, don haka masu addini ya kamata su fara cewa ƙarya ne, 'ya ce, ba wanda ya mallake ta. Har yau a ƙasarmu akwai wanda ake hana wa aure ko limanci ana raɗa asalin kakarsa. In ka ji haka a unguwarka kada ka kau da kai.

Haka batun dokar iyali. An kawo daftari a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin addini suka tashi, aka janye, aka sake gwadawa wajen 2011, aka sake janyewa. Masu daftarin sun yi kuskuren rubuta shi a ofis ba tare da sun zauna da malamai da iyaye ba. Amma mu ma da muka ce a'a, me muka kawo a madadinsa? Matar da aka saka da yara biyar ba ko tiya ɗaya tana nan inda take. Maroko, ƙasar Malikiyya, ta gyara tata dokar a 2004 da malamai a cikin kwamitin. Ba sai mun kwafe tasu ba, amma sun nuna ana iya zama a yi. Nana Asma'u tun ƙarni na 19 take tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, don haka in dattawa suka ce ba wurin mata a tafsirinka, ka roƙe su da ladabi a ja labule a ƙara tabarma. Ka kuma samu mai jin Fulatanci da mai jin Buzanci su riƙa taƙaita wa baƙi abin da aka karanta.

Bayan salla za a fara kawo maka rabon gado, a nan za a gwada ka. Al'adarmu ta saba a raba wa mata kuɗi da kwanoni da 'yar akuya, gona kuwa a ce ta maza ce, wai kada ƙasar gida ta bi mace gidan miji. Suratun Nisa'i ba ta ware gona daga gado ba. In mace ta nemi rabonta, yayyenta za su ce ai suna ba ta dami duk shekara, za su ce gonar ta yi ƙanƙanta, wani ma zai tuna maka cewa shi ya goyi bayan a ba ka kujerar. Ka saurare su duka, kada ka kunyata kowa a bainar jama'a. Sannan ka sa a ɗauko igiya a je gonar a auna, a kafa alama a gaban maigari da shaidu, a je kofo a yi takarda da sunanta, domin rabon baki ba ya wuce damina biyu. In ita da kanta ta ga dama ta ba ɗan'uwanta aro, wannan ruwanta ne, amma a rubuta cewa aro ne.

Ka gaishe da mahaifiyarka da mutanen gida. In hanya ta yi kyau zan shigo cikin goman tsakiya in saurare ka.

Baffanka.